FASHIN BAƘI: Abin da mutum ke sa wa hannu idan ya buɗe asusu a manhajar tura kuɗi

A watan Disamban 2024, Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke zama a Ado-Ekiti ta yanke wani hukunci da ya shafi duk mai asusu a wayarsa. Wasu kuɗi ne suka faɗa asusun wata mata a Kuda bisa kuskure. Bankin da kuɗin suka fito daga wurinsa ya kai ƙorafi, Kuda kuma ya ƙulle asusun ba tare da ya nemi izinin kotu ba. Matar ta kai ƙara Babbar Kotun Tarayya ta yi nasara, amma da aka ɗaukaka ƙara sai aka soke hukuncin. Cikin hujjojin da alƙalan suka dogara da su har da sharuɗɗan da ita kanta ta amince da su ranar da ta buɗe asusun, waɗanda suka bai wa bankin damar taƙaita shi idan aka samu rahoton zamba ko wata mu'amala mai shakku.

Waɗannan sharuɗɗa su ne dogon rubutun Turancin nan da ke bayyana kafin a kammala rajista, wanda akasarin mutane ke tsallakewa su latsa alamar amincewa. A idon doka, latsawar nan sa hannu ce a kan yarjejeniya. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023, lokacin da sauya fasalin kuɗi ya tura 'yan kasuwa, masu shayi da direbobin Adaidaita Sahu zuwa OPay, PalmPay da Moniepoint, miliyoyin mutane suka shiga irin wannan yarjejeniya, da yawansu ba su iya karanta harshen da aka rubuta ta da shi ba.

Ikon ƙulle asusu

Kalmomin kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, amma ginshiƙan kusan ɗaya ne. Kamfani na da ikon dakatar da asusu ko rufe shi idan ya yi zargin an karya doka ko an saɓa sharuɗɗansa. Yana iya sauya sharuɗɗan, kuma ci gaba da amfani da manhajar na nufin an yarda da sauyin. Duk kuɗin da ya fita da lambar sirrin mai asusu ana ɗaukarsa a matsayin shi ya tura, ko da ɗan damfara ne ya yaudare shi ya karɓi lambar.

Sharaɗin ƙulle asusu shi ya fi cizo, domin kalmar "zargi" ba ta da iyaka bayyananna. Sau da yawa ma na'ura ce ke fara ɗaga tuta: kuɗi masu yawa sun shigo asusun da bai saba ganinsu ba, ko kuma kuɗin sata sun bi ta hannu uku kafin su iso ga mai POS ɗin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kamfanin na da uzurinsa, domin kuɗin zamba kan ɓace cikin mintuna, kuma jiran umarnin kotu tamkar buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Sai dai ɗan kasuwar Kantin Kwari da jarinsa ya maƙale mako biyu shi ke ɗaukar asarar, kuma da wuya a ga sakin layi a yarjejeniyar da ya yi masa alƙawarin diyya idan bincike ya wanke shi.

Idan hukuma ce ke son a ƙulle asusu, lissafin daban ne. Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022 ta bai wa EFCC damar tsayar da asusu na sa'o'i 72. Abin da ya wuce haka sai da umarnin kotu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jaddada tun 2019, a wata shari'a da ta shafi GTBank, cewa wasiƙar EFCC kaɗai ba ta isa banki ya riƙe kuɗin mutum ba. Saboda haka tambayar farko ga wanda aka ƙulle wa asusu ita ce: wa ya ba da umarni? Kamfanin ne da kansa, ko hukuma? In hukuma ce, ina takardar kotu?

Matasan da suka shaidi zanga-zangar EndSARS sun san wannan ba batun ciniki ba ne kawai. A watan Oktoban 2020, ƙungiyar Feminist Coalition da ke tara wa masu zanga-zanga gudunmawa ta sanar cewa hanyarta ta karɓar kuɗi ta Flutterwave ta daina aiki, abin da ya sa ta koma Bitcoin. A watan Nuwamba kuma Babban Bankin Najeriya, CBN, ya samo umarnin Babbar Kotun Tarayya ta Abuja na ƙulle asusu 20 da aka alaƙanta da zanga-zangar har kwana 90. Sai a Fabrairun 2021 kotu ta ce a sake su. An bi ta kotu, amma masu asusun ba sa wurin lokacin da aka ba da umarnin.

Sauya sharuɗɗa ma ba labari ba ne. A watan Afrilun 2024 CBN ya hana OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint ɗaukar sabbin abokan hulɗa. Ba a jima ba wasu daga cikin kamfanonin suka aika wa jama'a saƙon cewa duk wanda aka samu yana cinikin kuɗin kirifto za a rufe asusunsa a kuma miƙa bayanansa ga hukuma, alhali a Disamban 2023 CBN ɗin ya sassauta haramcin da ya ƙaƙaba wa bankuna kan harkar tun 2021. An ɗage takunkumin rajistar a watan Yuni.

Abin da yarjejeniya ba ta isa ta ƙwace ba

Ba duk abin da kamfani ya rubuta ne ke zama doka ba. Ƙa'idojin Kare Abokan Hulɗa da CBN ya fitar a Disamban 2019 sun hau kan duk wata cibiyar kuɗi mai lasisinsa, kuma sun ayyana wasu sharuɗɗa a matsayin na zalunci waɗanda ba su da tasiri ko da an sa musu hannu. Daga ciki akwai sharaɗin da ke wanke kamfani daga asarar da sakacinsa ya jawo, da wanda ke ba shi damar sauya yarjejeniya ba tare da sanarwar da ta dace ba. Ma'ana, jimlar nan ta "ba mu da alhakin kowace irin asara" ba ta da ƙarfin da take nunawa a rubuce.

Akwai kuma wa'adin mayar da kuɗi. Tun Yunin 2020 CBN ya ce cinikin POS ko na intanet da aka cire kuɗi bai tafi ba a warware shi cikin sa'o'i 72, na ATM ɗin wani banki kuwa cikin sa'o'i 48. Hanyar ƙorafi tana farawa ne daga kamfanin, inda mutum zai karɓi lambar shaidar ƙorafinsa. Idan mako biyu suka wuce ba a warware ba, sai ya kai maganar Sashen Kare Abokan Hulɗa na CBN. Wanda bai riƙe wannan lamba ba, ko ya tsaya ga zagin kamfani a Facebook, zai iske ba shi da abin nunawa a can.

Bayanan mutum ma suna da kariya. Buɗe asusu yanzu na buƙatar BVN ko NIN, hoton fuska, adireshi, wani lokaci har da izinin sanin inda mai waya yake. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ba kowa haƙƙin tambayar abin da aka tara a kansa, da neman a gyara kuskure, da janye amincewarsa, da ƙin a yi amfani da bayanansa wajen talla. Hukumar NDPC mai kula da dokar ta ci tarar Fidelity Bank Naira miliyan 555.8 a Agustan 2024 bisa zargin keta ta, duk da cewa bankin ya musanta. Haƙƙin a goge bayanai kam yana da iyaka, domin dokar halasta kuɗin haram ta tilasta wa cibiyoyin kuɗi ajiye bayanan mu'amala na aƙalla shekara biyar. Kuma a 2023 CBN ya ƙara shafukan sada zumunta cikin abubuwan da banki zai iya nema daga abokin hulɗa, matakin da wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ce bai saɓa wa doka ba a 2024.

Idan kamfanin ya durƙushe fa?

A allon waya duk manhajojin kama suke da juna, amma lasisinsu ba ɗaya ba ne, kuma lasisin ne ke fayyace nawa mutum zai samu. Kuda da Moniepoint ƙananan bankuna ne. OPay da PalmPay na aiki da lasisin hada-hadar kuɗi ta waya. MoMo na MTN da SmartCash na Airtel kuwa bankunan biyan kuɗi ne. A watan Mayun 2024 Hukumar Inshorar Ajiya, NDIC, ta ɗaga abin da take lamuncewa: Naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki, miliyan 2 a ƙaramin banki da bankin biyan kuɗi, sai miliyan 5 ga kowane mai asusu a kamfanin hada-hada ta waya.

Wannan na ƙarshe yana da sarƙaƙiya. Kamfanin hada-hada ta waya ba shi ke riƙe kuɗin jama'a ba. Yana tara su ne a asusu guda a wani babban banki, kuma inshorar na aiki ne idan wancan bankin ya rushe. Wata guda bayan ƙarin, ranar 3 ga Yuni, 2024, CBN ya soke lasisin Heritage Bank. NDIC ta fara biyan masu ajiya har zuwa Naira miliyan 5, waɗanda kuɗinsu ya haura haka kuma suka shiga layin jiran a sayar da kadarorin bankin a kuma karɓo basussukan da yake bi.