Inda Sunan Ɗalibi Yake Kwana Bayan Jarrabawar JAMB

Ɗan ƙanwata da ke Wara ya rubuta jarrabawar JAMB a bazara, ya ci maki mai kyau, tun daga nan kuma gaisuwarmu ta sauya. Da ya kira ni, kafin ya tambayi mutan gida sai ya ce, "Kawu, har yanzu shiru." Yakan buɗe imel ɗinsa da asuba, ya buɗe bayan azahar, ya sake buɗewa kafin ya kwanta. In sabis ya ɗauke sai ya bi gari yana ɗaga waya sama. Uwarsa har ta fara zargin ko an sayar da gurbinsa. Irin wannan zaman jiran yana gidaje da yawa daga Yelwa zuwa Shanga, har tsibiran tafkin Kainji, kuma abin da ke ƙara masa ɗaci shi ne masu jiran ba su san inda sunansu yake ba, balle a hannun wa. To, bari mu bi sawun sunan nan daga ranar da ya bar hannun yaro.

Farkon abin da ya kamata a gane shi ne yaron nan ya tsare ƙofar da baƙon ba ta nan zai shigo ba. A zamaninmu takardar samun gurbi ta gidan waya take zuwa, cikin ambulan, ko kuma a liƙa sunaye a allon sanarwa na jami'a, wani ɗan gari da ya je Sakkwato ya dawo da albishir. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe a kan wannan tsarin. A 2017, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta buɗe wani dandali a intanet da ake kira CAPS, kuma tun daga lokacin duk gurbin karatu na jami'a, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko kwalejin ilimi, ta nan yake bi. Mai yiwuwa saƙo ya shigo waya ko imel, mai yiwuwa kada ya shigo. Babban aikin imel a nan shi ne mabuɗi: da shi da kalmar sirri ake shiga shafin ɗalibi a dandalin JAMB, a can ne hukuncin yake.

Shi ya sa ranar rajista ta fi yadda ake ɗaukarta nauyi. Yaro yakan tura lambarsa ta NIN zuwa 55019 ko 66019, a aiko masa da lambar da zai yi rajista da ita, daga nan layin wayar ya ɗaure da sunansa. Sai imel. Yaron da ya taso daga ƙauye, ya biya kuɗin jirgi da na mota, ya iske layi a cibiyar rajista, ba ya da natsuwar tsayawa buɗe imel. Mai shagon intanet ne zai buɗe masa, ya sa kalmar sirrin da ya ga dama, wani lokacin ya rubuta a bayan rasit, wani lokacin ya riƙe a kansa. Layin kuma sau da yawa na wa ne ko na kawu, wanda zai iya tafiya ci-rani da shi, ko ya faɗa ruwa da wayar. Wata shida bayan haka, waɗannan ƙananan abubuwa biyu su ne ke tsakanin yaro da gurbinsa.

Jarrabawar kanta darussa huɗu ce, Turanci dole, maki 400 gaba ɗaya, a kwamfuta. Sakamako ba ya daɗewa. Abin da ke daɗewa shi ne abin da ke biye. Sai wajen watan Yuli, damina ta kankama, hukumar ke tara shugabannin makarantu a taron tsara ƙa'idojin shekara, a tsayar da mafi ƙarancin makin da za a karɓa. A 2025 an tsayar da 150 ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin koyon jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan ƙasan rijiya ne kawai. Kowace jami'a tana da ikon ɗaga nata, kowane kwas kuma da nasa: mai neman likitanci ko lauya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ba zai shiga da makin da ya isa wani kwas ɗin da masu nemansa ba su da yawa ba. A waccan shekarar kusan mutum miliyan biyu ne suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan ɗaya ba su kai 200 ba. Wanda ya haura 200 yana da abin alfahari, amma ba shi kaɗai ba ne, kuma kujerun aji ƙidayayyu ne, domin hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ce ke ƙayyade adadin da kowace za ta ɗauka.

Daga nan sai tantancewar makarantar da yaro ya zaɓa. Wasu sukan yi tasu jarrabawar, wasu sukan duba sakamakon sakandare kawai, su haɗa da makin JAMB su fitar da jimla. Wannan matakin a shafin jami'ar ake sanar da shi, ba a na JAMB ba, yana da kuɗin rajista da ranar rufewa, kuma wanda bai yi shi ba ya fita daga lissafi ko da makinsa ya kai ina.

Yanzu mun iso ɗakin da sunan ke daɗe kwana. Jami'in ɗaukar ɗalibai na makarantar zai jera masu neman kowane kwas, daga mai jimla mafi girma zuwa ƙasa. A jami'o'in tarayya ana raba kujerun gida uku. Kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ne, ko daga wace jiha suka fito. Kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne. Kashi 20 kuma na jihohin da aka lasafta an bar su baya a ilimin boko, Kebbi na cikinsu. Ke nan ɗan Ngaski da ya zaɓi Sakkwato, ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo, ƙofa uku yake ƙwanƙwasawa. In ta farko ba ta buɗe ba, akwai ta biyu da ta uku. Na sha jin masu ganin wannan rabon a matsayin alfarma. Ni ban ga haka ba. Yaron da ya fara taɓa kwamfuta mako guda kafin jarrabawa, aka haɗa shi tsere da wanda ya girma da ita a ɗaki, in ya zo kusa da shi ma ya yi abin a yaba.

Jami'in ba shi ke yanke hukunci ba, gabatarwa yake yi. Shugaban makarantar zai duba ya amince, sannan sunayen su tafi teburin JAMB. A can ake duba ko an tsallake mai maki sama an ɗauki na ƙasa, in an ga haka sai an nemi dalili. Hannu uku ke nan, kuma ba a aika sunayen lokaci ɗaya, kashi-kashi ake turawa. Ga kuma jiran sakamakon WAEC da ke fita wajen Agusta, na NECO a bayansa. Ga kalandar jami'o'i da ta goce tun rufe makarantu na 2020 da yajin aikin malamai na wata takwas a 2022. Duk wanda ya girma a bakin Kwara ya san ruwan da ke cika kogi cikin hunturu ba a nan aka yi shi ba. A tsaunukan Gini ya sauka tun damina, ya baje a fadamun Mali, sai bayan watanni ya iso Yauri. Shirun da yaro ke gani a waya sau da yawa irin wannan ne, abin yana tafe, bai dai iso ba.

In ya shiga CAPS, ɗaya daga cikin 'yan saƙonni zai gani. Akwai mai cewa ba a ba shi gurbi ba. Wannan shi ke sa yara kuka a banza, alhali muddin makarantar ba ta rufe ɗaukar ɗalibai ba, ma'anarsa "tukuna". Akwai wanda ɗalibai ke kira AIP, wato an gabatar da sunansa, yana tsakanin hannuwan nan uku. Sai na taya murna, da maɓalli biyu a ƙasa, na karɓa da na ƙi.

A cikin jiran nan akwai aikin da ba wanda zai yi wa yaro. Mafi girma shi ne ɗora sakamakon sakandare. A jami'a ana son kiredit biyar, da Turanci a ciki, a yawancin kwasa-kwasai har da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Da yawa sun yi rajistar JAMB sakamakonsu bai fito ba, in kuma ya fito ba ya hawa dandalin da kansa. Sai an je cibiyar da hukumar ta amince da ita, ko ofishinta na Birnin Kebbi, an ɗora. Makaranta ba ta iya gabatar da sunan da babu wannan a jikinsa. Haka nan wani lokaci jami'a takan ce kwas ɗin da ka nema ya cika, ga wani, ka yarda? Tambayar tana nan zaune a shafinsa, ba za a ci gaba ba sai ya amsa. Akwai ma sashen da wasu makarantun da bai zaɓa ba ke yi wa ɗalibi tayin gurbi. In kuma ya ga makinsa ba zai kai shi ba, yana iya biya ya canza kwas ko makaranta, ya koma jami'ar Aliero, ko Jami'ar Noma ta Zuru, ko kwalejin Waziri Umaru, tun ba su rufe ba. Idan saƙon taya murna ya zo, yana da wa'adi. Wanda bai danna karɓa ba, gurbin yana iya komawa hannun wani, wanda kuma ya bar kalmar sirrinsa a hannun mutane, wani yana iya danna masa abin da bai so.

Lokacin ne kuma 'yan damfara ke baje koli. Za a kira uba a ce ga wani a ciki, a turo kaza sunan ɗanka ya fito gobe. Uban da ya sayar da buhunan albasa ko kwandon busasshen kifi don karatun ɗansa, zuciyarsa a kusa take. Ma'aunin guda ne: gurbin da bai bayyana a CAPS ba, hukumar ba ta san da shi ba, kuma wanda ya shiga da irinsa zai iya gama shekara huɗu ya tarar babu sunansa a jerin masu tafiya bautar ƙasa.

In shekarar ta wuce ba a dace ba, ba sai yaro ya zauna ba. A nan Yelwa akwai kwalejin share fagen shiga jami'a, inda ake yin IJMB, jarrabawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, wanda ya ci da kyau ya nemi shiga aji biyu kai tsaye. Akwai kwalejin ilimi ta Adamu Augie a Argungu. A ɗaya gefen tafkin, a Sabuwar Busa, ga kwalejin tarayya ta koyon aikin kifi, wadda nake mamakin yadda 'ya'yan Sarkawa da Gungawa ke wuce ta suna hangen nesa.

Shi dai ɗan ƙanwata, da na je Wara na ce ya buɗe mini shafinsa na JAMB, sai ya tsaya yana kallona. Imel ɗin da yake ta dubawa wata uku ba shi aka yi rajista da shi ba. Na gaskiyar yana bayan wani rasit da uwarsa ta adana a cikin kwalla, tare da katin rigakafinsa na jarirai. Muka shiga. Wurin sakamakon sakandare babu komai.

"Yaya, to yanzu ya za a yi?" in ji uwar.

Na ce ta haɗa masa kuɗin mota. Washegari da sassafe ya kama hanyar Yelwa, ya bi ta Koko da Jega zuwa Birnin Kebbi, da takardar sakamakonsa a cikin leda saboda ruwa.