Bargon Ƙyallaye Domin Kirsimeti: Kada Tsoron Almakashi Ya Hana Mu Koyo

A ƙasar Kaoje da ƙauyukan Bagudo har zuwa Tsamiya a bakin iyakar Benin, Kirsimeti yana zuwa ne tare da hunturu. Da dare sanyi yakan sa mu kwana kusa da wuta, ko mu shigar da garwashi ɗaki mu rufe ƙofa. Wannan yana da haɗari. Yara sukan ƙone, hayaƙin gawayi kuma yana iya kashe mutum cikin barci. Bargon kasuwa yana da tsada, amma a lokacin ne teloli suke ɗinkin biki, ƙyallayen atamfa suna zube a ƙarƙashin keke. Da waɗannan ƙyallaye za mu iya ɗinka bargo mai kauri da kyau.

Me muke tsoro?

Yawancinmu a zumuntar mata mun iya faci da kalmasa. Amma in aka ce mu yanka zane kusurwa uku-uku mu haɗa tauraro, sai gabanmu ya faɗi. Wata tana tsoron ɓata zane, domin abin da almakashi ya raba ba ya komawa. Wata tana tsoron awo, domin ba ta yi makaranta ba. Wata kuwa kunya take ji, kada a yi mata dariya.

Mu tuna aikin ba baƙo ba ne. Kakanninmu sun saƙa gwado siri-siri, suka haɗa da allura har ya rufe mutum. A ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata, jikokin bayi, sun yi ta ɗinka barguna da tsofaffin kayan gona saboda sanyi da talauci. Layukansu ba su miƙe sosai ba. Duk da haka a 2002 an baje aikinsu a manyan gidajen nune-nune a Houston da New York, a 2006 kuma aka buga hotunan bargunan a kan sarkin wasiƙa na Amurka.

Abin da muke bukata

Ƙyallaye masu yawa, tsohon bargo ko zannuwa biyu domin ciki, babban zane domin baya, kwali, alli, almakashi, allura da zare mai ƙarfi. Mu wanke ƙyallayen tukuna, domin wata atamfa tana zuba, wata tana tsukewa. Sa'an nan mu goge su.

Yadda ake yi

1. Wadda ta iya awo ta yanka mana kwali biyu masu kusurwa huɗu daidai: ɗaya inci 11 kowane gefe, ɗaya inci 12. Daga nan ba sauran lissafi. Kwali muke ɗorawa, mu zana da alli, mu yanka.

2. Bargo yana cin ƙyalle 48 masu inci 11: shida a faɗi, takwas a tsawo. Ɗinki yana cin rabin inci a kowane gefe, sai bargon ya fito inci 60 da 80. In ƙyalle ya yi ƙanƙanta, mu haɗa biyu ko uku kafin mu ɗora kwali.

3. Ga sabuwar dabarar. Mu yanka ƙyalle biyu da babban kwali, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu. Mu kifa su fuska da fuska. Mu ja layi da alli daga kusurwa zuwa kusurwa. Mu ɗinka a dama da hagu na layin, rabin inci daga gare shi. Sai bayan ɗinki za mu yanka a kan layin. In mun buɗe, ga ƙyalle biyu, kowanne rabi haske rabi duhu. Mu goge, mu daidaita su da ƙaramin kwali.

4. Mu shimfiɗa dukan ƙyallayen a kan tabarma, mu yi ta juya su har tauraro ya fito a tsakiya. Mu ɗinka layi-layi, sa'an nan mu haɗa layukan.

5. Mu shimfiɗa zanen baya, mu ɗora na ciki, mu ɗora na sama. A kowace kusurwa da tsakiyar kowane ƙyalle mu soka zare ya ratsa duka ukun, mu ƙulla sau biyu. Mu naɗo bakin zanen baya mu kalmashe.

Maganin tsoro

Lura da mataki na uku: ɗinki ne ke gaba, yanka na baya. In ɗinkin ya karkace, sai a warware, zane bai lalace ba. Mu fara gwadawa da tsumma, ba da sabuwar atamfa ba. Mu zauna biyu-biyu, mai keke da mai allura, tsohuwa da yarinya, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kusurwa ba ta haɗu daidai ba, mu ci gaba. Yaron da ya rufa da bargon ɗumi zai ji, ba zai ƙirga kusurwa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu fara roƙon ƙyallaye wurin teloli tun watan Oktoba, kafin aikin kaka ya cinye hannuwanmu.

Tambayoyi domin tattaunawa

• Wane aiki ne muka taɓa jin tsoronsa, yanzu kuma mun iya? Wa ya koya mana?
• Teloli nawa ne a ƙauyenmu ko a kasuwar Kaoje? Me suke yi da ƙyallayensu?
• Wa ya fi bukatar bargo na fari da za mu gama: gwauruwa, maraya, mai jego, ko maƙwabci wanda ba ɗan ikilisiyarmu ba?
• Ta yaya maza da matasa za su taimaka?