Idan Allura Ta Daina Aiki, Magani Bai Ƙare Ba

A Balan da ƙauyukan Gaya da Ajingi, mun sha ganin dattijo ya dawo daga asibitin Kano da sauƙi, fitsari ya saki, har ya koma gona. Bayan shekara biyu ko uku sai ciwon baya da na ƙugu su kwantar da shi. Daga nan iyali su ce ai likita ya gaza.

Cutar da muke nufi ita ce sankarar furostet, wani ƙullutu kamar goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Abincinta shi ne sinadarin mazakuta da 'yan maraina ke samarwa. Tun 1941 Dokta Charles Huggins na Amurka ya nuna cewa in an yanke mata abincin nan takan lafa. Shi ya sa ake yin allura ko a cire 'yan maraina. To amma a kwana a tashi takan koyi girma da ɗan abin da ya rage, sai gwajin jini na PSA ya riƙa hawa.

Ko a nan akwai sauran dabara. A 2004 aka tabbatar cewa docetaxel, wanda ake ɗurawa ta jijiya duk mako 3, yana ƙara wa majinyaci watanni. Ƙwayoyin abiraterone sun sami izini a Amurka a 2011, enzalutamide kuma a 2012. Ba a barin allurar farko, a kanta ake ɗora su. Zogin ƙashi kuwa, gashi da na'ura yana sauƙaƙa shi, haka ma mofin.

Gaskiya ɗaya ce: waɗannan magunguna suna jinkirta cutar ne, ba sa tumɓuke ta, kuma suna da tsada. Saboda haka kafin a sayar da gona ko shanu, a zauna da likita a tambaye shi amfanin kowanne da kuɗinsa. Wanda ya yi alkawarin warkarwa ƙaƙaf, a yi hattara da shi.

In ƙafafun baba suka fara sanyi, ko fitsari ya tsaya, kada a bari ya kwana a gida. A kama hanyar Wudil zuwa Asibitin Malam Aminu Kano ranar nan, domin jinkiri na iya jawo shanyewar ƙafa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.