A Duba Robar Ƙafar Mota Kafin Lodi

Fatake da dillalai, ga jan hankali. Wasu motocin yanzu ba kan sifirin suke tsaye ba, kan jakar iska suke, robar da ke rufe shokazoba kuwa ita ce rigar jakar. In ta yage, ƙurar hunturu da tsakuwa su shiga, su yi ta gugar jakar har ta huje. Sai iska ta zurare, injin bugun iska ya yi ta aiki har ya ƙone, mota ta karkace da buhunanka a daji, farashi ya sauka kafin ka iso Dawanau. Roba araha ce, jaka da inji ke da tsada. Kafin lodi, bakanike ya leƙa. In za a canja, a fara sace iskar, a canja hagu da dama tare.