Ruwan Zafi ko Ƙanƙara ga Mai Jego?

A Unguwar Sanusi ta Kaduna, kamar sauran ƙasar Hausa, in mace ta haihu ruwan zafi aka sani, har kwana arba'in. To, amma in ta ƙaru wajen haihuwa aka ɗinke ta, ciwon kan hana ta ko zama.

Cikin 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa sanyaya wurin a kwanakin farko. A naɗe ƙanƙara cikin ƙyalle mai tsabta, a ɗora minti 10 zuwa 20. Sanyin yana tsuke hanyoyin jini, raɗaɗi ya lafa.

Malam, tsofaffin gida za su ce sanyi zai shige ta. A lallashe su. In kuwa zazzaɓi ko wari ya biyo baya, sai asibiti.