David Tyrrell: Likitan da Ya Yi Wa Mura Binciken Ƙwaƙwaf

Mura ciwo ce da kowa ya sani, har ma an raina ta, domin ta kan zo ta wuce cikin mako guda. To amma binciken wannan ƙaramar cuta shi ne ya kai masana ga gano dangin ƙwayoyin cutar korona masu kama ɗan Adam. A wannan maƙala za mu duba aikin mutumin da ya jagoranci wannan bincike, wato David Tyrrell, ɗan ƙasar Ingila.

An haife shi a shekarar 1925, ya yi karatun likita a Jami'ar Sheffield, sa'an nan ya ƙaro ilmin bairos a Cibiyar Rockefeller ta Amurka. A 1957 ya kama aiki a Cibiyar Binciken Mura da ke Salisbury, wadda aka buɗe tun 1946. Tsarin wannan cibiya abin mamaki ne. Mutane masu ƙoshin lafiya ne kan kawo kansu don raɗin kansu, a killace su kwana goma, a ɗiga musu ruwa mai ɗauke da bairos a hanci, sa'an nan a zuba ido a ga wanda zai kamu. Kimanin mutum 20,000 ne suka yi wannan sadaukarwa kafin a rufe cibiyar.

Matsalar da ya tarar

Kamar yadda ɗalibai suka sani, bairos ba ya hayayyafa sai a cikin rayayyun ƙwayoyin halitta. Saboda haka mai bincike kan shuka ƙwayoyin halittar a kwalba, ya zuba musu bairos ɗin, ya ajiye su a zafi irin na jikin mutum, wato digiri 37 a ma'aunin Selshiyas. An shekara da shekaru ana yin haka, amma yawancin bairos ɗin mura sun ƙi tsira.

Tyrrell ya yi la'akari da cewa hanci ne mazaunin wannan bairos, kuma iskar da muke shaƙa tana sanyaya hanci. Sai shi da abokan aikinsa suka sauke zafin zuwa digiri 33, suka ɗan ƙara tsamin ruwan, suka kuma sa kwalaben suna juyawa a hankali. A 1960 suka ba da sanarwar cewa bairos ɗin ya hayayyafa. Wannan dabara ce ta ba masana damar rarrabe dangin rinobairos, waɗanda a yau an san sun haura iri 100. Yawan nan nasu shi ya sa har yanzu babu allurar rigakafin mura.

Samfurin B814

Cikin majinar da cibiyar ta tara akwai ta wani yaro ɗan makarantar kwana, wadda aka sa wa lamba B814. Idan aka ɗiga ta a hancin masu sa kai sai su kamu da mura, amma ko da sabuwar dabarar ta ƙi tsira a kwalba. Tyrrell bai yar da ita ba. Ya koyi wata hanya daga Bertil Hoorn, likita ɗan ƙasar Suwidin, ta raya ɗan yankin maƙogwaro sukutum, maimakon warwatsattsun ƙwayoyin halitta. A cikinsa ne B814 ya hayayyafa, kuma Tyrrell da Malcolm Bynoe suka buga sakamakon a 1965.

Sun kuma lura cewa sinadari mai narkar da maiƙo yana kashe wannan bairos, alamar cewa yana lulluɓe da rigar maiƙo. Wannan riga ita ce sabulu ke fasawa idan muka wanke hannu.

Daga nan sai ya aika samfurin ga June Almeida, ƙwararriya a kan madubin ƙara girma mai aiki da lantarki a Asibitin St Thomas na Landan. Ta ga ƙwayoyi kewaye da tsinkaye, kamar hasken da ke zagaye rana. A 1968 ita da Tyrrell da wasu masana suka raɗa wa dangin suna koronabairos, daga kalmar Latin mai nufin kambi.

Tasirinsa

Tyrrell bai tsaya ga bairos kaɗai ba, ya duba har mai ɗauke da shi. A wani bincike da ya yi tare da Sheldon Cohen, wanda aka buga a 1991, an nuna cewa damuwa tana ƙara wa mutum yiwuwar kamuwa da mura.

Shekaru da dama ana ɗaukar koronabairos a matsayin mai sa mura kawai. Sai a 2003 cutar SARS ta nuna cewa a dangin akwai mai kisa. Tyrrell ya rasu a 2005, bai ga annobar korona da ta ɓulla a ƙarshen 2019 ba. Amma da ta zo, masana sun tarar da suna, da siffa, da sanin halayen dangin a ajiye.

Masu iya magana sun ce, abin da ka raina shi kan tsone maka ido. Ɗalibin kimiyya ya lura da yadda Tyrrell ya yi a duk sa'ad da bairos ya ƙi tsira: ya kan koma ya tambayi inda yake zaune a jiki, sa'an nan ya kwaikwayi wurin a ɗakin gwaji.