Daga Kano Zuwa Jidda: Awa Nawa Ne a Sama?

'Yan uwana mata, da yawanmu mun taɓa yin rakiya filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, ko ta Hajiya ko ta maigida. Jirgi na ɗagawa sai ido ya koma kan agogo, zuciya na dukan uku-uku: shin sun sauka kuwa?

To ga lissafin. Tsakanin Kano da Jidda akwai nisan kilomita kusan 3,400. Jirgin da bai yada zango a ko'ina ba yakan cinye wannan tafiya cikin awa 4 da rabi zuwa 5.

Amma fa ki lura, agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2. Idan suka tashi ƙarfe 10 na dare, suka yi awa 5 a sama, agogonki zai nuna ƙarfe 3, na Jidda kuwa 5 na asuba. Bayan sauka ga layin duba fasfo, ga jiran kaya, sannan a kama hanyar Makka, kilomita wajen 80. Saboda haka in kin ji shiru, kada ki tashi hankalinki, balle ki zargi maigida da mantuwa.

Ki tuna kakanninmu a ƙasa suka bi, ta Barno da Chadi da Sudan, kana suka tsallake Bahar Maliya. Wasu sai sun yi shekaru, wasu ma a Sudan suka zauna, jikokinsu na can har yau. Wadda ta jira miji shekara bakwai, me za ta ce da mai kukan awa biyar?

Allah Ya kai mu, Ya dawo da namu lafiya, amin.